MAƁALLIN AWON SUGA DA WAYAR HANNU: WA YA KAMATA YA SAYA?

Wannan shi ne jawabin da Editan jaridar nan ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci da sauran jama'a a garin Durun, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo. Mun buga shi saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.



Ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta Malam Liman, malamai masu koyarwa, iyayena maza da mata, 'yan uwana ɗalibai, ina yi muku barka da war haka. Na ga baƙi daga Garo da Gude da Gammo. Na ga waɗanda suka taso tun daga Getso da Kutama ta ƙasar Gwarzo. Sannunku da hanya.

Ku dubi abin da ke hannuna. Fari ne, zagayayye, faɗinsa kamar murfin kwalbar lemo. Na baya, ku miƙa wuya. Wannan abu daga damtsen baffana aka ɓamɓaro shi. Kwana 14 ya yi manne a jikinsa, yana awon sugan da ke jikinsa dare da rana. Ni na raɗa masa suna maɓallin awon suga, don ya yi kama da maɓallin riga. A kansa zan yi magana yau. Dalili kuwa, irinsa ya fara shigowa gidajenmu ta hannun 'ya'yanmu na birni, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Gara mu san shi tun kafin a zo a ce mu sayar da akuya mu saya.

Bari mu fara da ciwon kansa. Duk abincin da muka ci, ko tuwo ne, ko fura, ko rogo, ko dankali, jiki yana juya shi ya zama suga a cikin jini. Wannan suga shi ne man da jiki ke aiki da shi, kamar fetur a babur. Amma suga ba ya shiga tsoka sai da taimakon wani ruwa da jiki ke yi, sunansa insulin. Shi ne mabuɗin ƙofa. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko ya daina aiki sosai, sai suga ya taru a jini. Ciwon suga ke nan, wanda wasu ke ce wa ciwon sukari.

Kun san alamunsa: yawan fitsari, har da dare, da ƙishirwar da ba ta yankewa, da rama ko da mutum yana ci, da kasala. Wani ma sai ya ga kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. In aka bar shi ya daɗe yakan taɓa ido, ya taɓa ƙoda, ya kashe jijiyoyin ƙafa. Sai ƙaya ta soki mutum bai ji ba, wurin ya zama gyambo.

Da can muna cewa ciwon masu kuɗi ne. Wannan magana ta faɗi. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya, wadda ake kira IDF, ta yi ƙiyasi a 2021. Ta ce manya miliyan 537 ne ke da shi a duniya. Miliyan 24 daga cikinsu a Afirka suke, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba. A Nijeriya ta ce sun kai miliyan 3.6. Amma kada gaban kowa ya faɗi. Tsohon Shugaban Ƙasa Olusegun Obasanjo ya sha faɗa da bakinsa cewa ya yi shekaru da dama da ciwon suga, ya kuma haura shekara 80 da shi. Ana rayuwa da ciwon nan, in an san hawansa da saukarsa.

To, ta yaya za a sani? Hanyar da muka saba ita ce ta yatsa. A soki yatsa, a ɗiga jini a kan tsinken gwaji, na'ura ta nuna lamba. Hanya ce mai kyau, kuma zan dawo kanta. Sai dai tana da gajiyawa guda. Ku ɗauki mai korar tsuntsu a gonar gero. Idan ya leƙa gona da safe sau ɗaya ya koma gida, zai ce lafiya lau, bai ga tsuntsu ba. Ashe da hantsi suka sauka, da la'asar suka dawo. Gwajin yatsa leƙe ɗaya ne. Wannan maɓalli kuwa mai gadi ne da ya kafa rumfa a tsakiyar gona, ba ya tafiya ko'ina.

Ga yadda yake aiki. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan zare siriri kamar silin gashi. Ana manna maɓallin a bayan damtse, zaren ya shige ƙarƙashin fata. Baffa ya ce zafin bai kai na sukar yatsa ba. Zaren ba jini yake aunawa kai tsaye ba, ruwan da ke ƙarƙashin fata yake aunawa. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani nan gaba.

A 1999 aka fara ba da izinin amfani da irin wannan na'ura a Amurka. A lokacin mai ciwon ba ya ganin lambar, sai likita ya duba bayan kwanaki. A 2014 kamfanin Abbott ya fito da FreeStyle Libre a ƙasashen Turai, wanda ke kwana 14 a jiki. Irinsa ne wannan na hannuna. Akwai kuma na kamfanin Dexcom, kamar G6 mai kwana 10, wanda ke aika lamba duk bayan minti 5.

Ina lambar take fitowa? A fuskar wayar hannu. Ana sa wa waya wata manhaja, wato wani tsari da ke sa waya ta iya wani aiki, kamar yadda kuke sa WhatsApp. Samfurin farko sai an kara waya a jikin maɓallin, ko ta saman riga, sannan lamba ta fito. Shi ba ya riƙe labarin da ya wuce awa 8, saboda haka dole a riƙa karawa a kai a kai. Sababbin kuwa da kansu suke aikawa, muddin wayar tana kusa, kamar mita 6. Su ne masu yin ƙara idan suga ya faɗi ko ya yi sama. Akwai kuma manhajar da ke tura lambar zuwa wayar wani ɗan uwa. Uba yana Durun, ɗansa yana Kano yana ganin sugansa, in dai akwai data a wayoyin biyu.

Malam, ara mini alli. Zan rubuta lambobi biyu a allo, kowa ya kwafa a littafinsa. Ta farko 70. Ta biyu 180. Tsakanin 70 da 180, nan ake son sugan mai ciwo ya zauna. A 2019 masana daga ƙasashe da yawa suka yi ittifaƙi cewa yawancin masu ciwon su yi ƙoƙari su zauna a wannan tsakani fiye da kashi 70 cikin 100 na yini da dare. Wajen awa 17 ke nan cikin 24. Mai juna biyu da tsoho mai rauni, likita kan ba su nasu ma'auni daban.

A yi hattara da abu ɗaya. Ma'aunin suga iri biyu ne, kamar yadda ake awo da tiya a kuma yi da mudu. Wata na'ura, musamman wadda aka kawo daga Ingila, ba za ta nuna 70 da 180 ba, sai ta nuna 3.9 da 10. Duk abu ɗaya ne. In ka ga ƙaramar lamba mai ɗigo, ka ninka ta sau 18. Wanda ya ga 15 ya ɗauka sugansa ya faɗi warwas, ya hau shan lemo, ya yi ɓarna, don 15 sau 18 ya zama 270.

Kusa da lambar akwai 'yar kibiya. Ko wanda bai gama ajin farko ba zai gane ta. In ta dubi sama, suga hawa yake. In ta kwanta, yana zaune. In ta dubi ƙasa, sauka yake. A ganina wannan kibiya ita ce babban abin da maɓallin ya fi gwajin yatsa da shi. Mutum ya ga 90 da kibiya a kwance, ya ɗauki fartanya ya tafi gona. Amma 90 da kibiya tsaye tana duban ƙasa, sai ya ci wani abu tukuna.

Yanzu ga labarin baffa. Manomi ne, ya haura shekara 60. Ƙwaya ya fara sha, daga baya likita ya mai da shi kan allurar insulin safe da yamma. Wata rana da damina aka tsince shi a kunya, gumi ya jiƙa shi sharkaf, jikinsa na rawa, yana surutai. Wasu suka ce iska ce. Allah ya taimaka, wani jikansa ya tuna abin da aka faɗa musu a asibiti, ya dama suga ya ba shi tun yana iya haɗiya. Bai daɗe ba ya dawo hayyacinsa. Abin mamaki, duk gwajin safe da yake yi lambar ba ta da laifi. Shi ya sa ɗansa ya sayo maɓalli guda ɗaya. Muka ba wani yaro littafi, muka ce ya rubuta duk abin da baffa ya ci da lokacin da ya ci, da ranar da ya je gona.

Kwana 14 ɗin nan sun tona abubuwa. Na farko, karin kumallo. Ranar da ya sha koko da suga, ko shayi da burodi, sai layin da ke fuskar waya ya miƙe kamar hawan dutse, ya wuce 250. Ranar da ya ci ƙosai ko ɗan wake, ko ɗumamen tuwon dawa kaɗan da miyar kuka mai yawa, hawan bai kai haka ba. Fura ma ta ba shi kunya. Shi a zatonsa tun da bai sa suga ba, ba laifi. Ya manta gero kansa suga yake komawa, kuma ƙwarya guda ba kaɗan ba ce. Ba a ce ya daina fura ba. Rage ta ya yi, ya ƙara nono.

Na biyu shi ne ya tayar mana da hankali. Duk ranar da ya wuni yana noma, wajen ƙarfe 3 na dare sai suga ya gangaro ƙasa da 70, yana barci bai sani ba. Kafin asuba jiki ya ɗan farfaɗo da shi, sai gwajin safe ya fito kamar ba abin da ya faru. Aikin ƙarfi yana cin suga har bayan an tashi daga aikin. Ga allurar yamma ya yi, ga tuwon dare bai ci sosai ba saboda gajiya. Shekara nawa yana haka, Allah kaɗai ya sani.

Me muka yi? Ba mu taɓa allurarsa ba. Waya da littafi muka ɗauka muka kai wa likitansa a Kano. Shi ya duba, ya gyara allurar yamma, ya faɗa masa abin da zai ci kafin barci ranar aiki. Ina roƙonku da girman Allah, kada wanda ya ƙara ko ya rage magani don ya ga lamba a waya. Wannan aikin likita ne. Ga babban asibitin Gwarzo nan kusa. Ga Asibitin Murtala da Asibitin Malam Aminu Kano a birni, inda ake da likitocin ciwon suga.

Abu ɗaya ne ba ya jiran likita, wato faɗuwar suga. In lamba ta yi ƙasa da 70, ko aka ga rawar jiki da gumi da jiri da yunwa mai tsanani, a ba mutum ƙwayar suga 3 ko 4, ko babban cokali ɗaya na suga ko zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15 a sake awo. In bai hau ba a ƙara. In ya hau, ya ci abinci. Amma in ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota zuwa asibiti. Duk mai allurar insulin ya riƙa tafiya gona da suga a aljihu.

Maɓallin nan ma yakan yi kuskure. Kun tuna na ce ruwan ƙarƙashin fata yake aunawa? To, wannan ruwa yana bayan jini da kamar minti 5 zuwa 15. Idan suga na gudu sama ko ƙasa, lambar waya takan makara. Haka kuma in mutum ya kwanta ya danne maɓallin, yakan nuna suga ya faɗi alhali bai faɗi ba. Wasu magunguna ma suna ruɗa shi. Yawan shan ƙwayar bitamin C kan sa na Libre ya nuna sama da gaskiya. Maganin hydroxyurea, wanda ake ba wasu masu sikila, kan yi wa na Dexcom haka. Saboda haka in abin da waya ta faɗa ya saɓa da yadda kake ji a jikinka, ka soki yatsa ka tabbatar. Mai maɓalli ba ya yar da na'urar yatsa.

Wani dattijo ya tambaye ni a waje, ko yana hana wanka da alwala. Ba ya hanawa. Ruwan wanka ba ya ɓata shi, kuma a damtse yake, sama da gwiwar hannu. Abokin gabansa shi ne gumi da zafin bazara, don sukan sa gam ɗin ya saki. Kafin a manna a wanke wurin ya bushe, kada a shafa mai. A yi hankali wajen cire riga da ratsa karan dawa. In ya fita ya fita ke nan, ba a mayarwa, kuɗi sun tafi. Wanda ba a buɗe ba kuma a ajiye shi a inuwa, ba a ɗakin kwano mai zafi ba.

Ga masu azumi, likitocin da suka rubuta jagorar azumi ga masu ciwon suga, wadda aka sabunta a 2021, sun ce a sha ruwa nan take in suga ya yi ƙasa da 70 ko ya wuce 300. Sun kuma ce awon suga ba ya karya azumi. Ga Malam Liman nan, zai yi muku ƙarin bayani kan rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya. Mai ciwon suga ya ga likitansa tun watan Rajab ko Sha'aban, kada ya bari sai an ga wata.

To, mu zo ga maganar kuɗi, wadda na san ita kuke jira. Maɓalli ɗaya kwana 14 ne. A shekara guda 26 ke nan. Ba a ƙera shi a ƙasar nan, daga waje ake kawowa, kuma kowane ɗaya dubban nairori ne masu yawa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk kayan asibiti na waje suka yi tashin gwauron zabo, har da insulin kansa. A Ingila, tun 2022 hukumar da ke tsara magani ta ce a ba duk mai ciwon suga nau'in farko irin wannan na'ura a asibitin gwamnati. Nau'in farko shi ne wanda jiki ya daina yin insulin gaba ɗaya, kuma ya fi kama yara da matasa. Mu a nan daga aljihu ake saye.

Shi ya sa zan faɗi ra'ayina ba kwana-kwana. In kuɗi kaɗan ne, magani ne farko. Bayansa tsinken gwajin yatsa. Maɓalli shi ne na uku. Maɓalli ba ya warkarwa, ba ya zuba magani a jiki, awo kawai yake yi. Wanda ya sayi maɓalli ya rasa kuɗin insulin, zai zauna ne yana kallon sugansa na hawa a waya. Waɗanda suka fi buƙatarsa su ne masu allurar insulin, da yara masu nau'in farko, da wanda sugansa ke faɗuwa bai ji alama ba, da mai juna biyu in likita ya ce. Mai shan ƙwaya kawai, wanda sugansa ke zaune lafiya, gwajin yatsa ya ishe shi. Ku kuma 'ya'ya na birni masu son faranta wa iyaye, ku yi irin na ɗan baffa. Ku sayi ɗaya, a haɗa shi da littafi, a kai wa likita. Abin da aka koya a kwana 14 zai daɗe yana amfani.

Kafin ka biya kuɗi, ka duba wayarka. Ƙaramar waya mai tocila ba ta yi. Ko cikin manyan wayoyi ba kowace ke karanta maɓallin ba. Ka sa mai sayarwa ya ɗora manhajar a wayarka a gabanka, ka ga ta buɗe. In ba ta yi ba, akwai ɗan akwatin karantawa da kamfanin ke sayarwa daban. Maɓallin da aka sayo a wata ƙasa kuma yakan ƙi aiki da manhajar wata ƙasar, don haka mai aiko da tsaraba daga Makka ko Turai ya haɗo da abin karantawa. A duba ranar lalacewa a jikin kwali. Sannan a tuna da caji. Wayar da ta kwana a shagon mai caji ba za ta tashe ka da ƙarfe 3 na dare ba.

Akwai kuma 'yan damfara. Za a nuna maka agogon hannu ko zobe, a ce yana awon suga ba tare da taɓa fata ba. A watan Fabrairu na 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, takwarar NAFDAC ɗinmu, ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da ko ɗaya daga irin waɗannan ba, kuma kada a dogara da su. Haka manhajar da ke cewa ka ɗora yatsa a fuskar waya ta faɗa maka suganka. Wasan yara ne. Mai allura da ya bi lambar ƙarya yana iya rasa ransa.

Wanda ba shi da halin maɓalli fa? Ya sayi littafi mai layi irin na ɗalibai. Ya ja layi huɗu: rana, lokaci, lamba, abin da na ci ko aikin da na yi. Kada kullum ya zama gwajin safe kaɗai. Yau a gwada da safe kafin a ci komai. Gobe a gwada awa 2 bayan abincin rana. Jibi a gwada kafin barci. Mai allura, ranar da ya wuni a gona, ya daure ya tashi tsakar dare ya gwada ko sau ɗaya. Tsinke ɗaya a rana, amma a wata guda an leƙa gonar a lokuta da yawa. Ranar zuwa asibiti a tafi da littafin.

Baffa yanzu haka yake yi. Maɓalli ɗayan nan shi ke nan, bai sake sawa ba. Da farko jikansa ke rubuta masa. Bana da kansa yake rubuta lambobin, sai dai har yanzu 6 da 9 suna ba shi wahala, in ya rubuta sai ya kira yaron ya duba.

Malamai, ina roƙon a sa waɗannan lambobi na allo cikin darasin lissafi na wannan mako, har da ninkawa sau 18. Ga maɓallin nan, a zagaya da shi kowa ya taɓa, amma a dawo mini da shi, don baffa ya ce ajiyarsa ce. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Mu fara da ɓangaren iyaye mata.